PHP a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Rukayya a Rogo Ruma ba, ko da na tsufa na manta hanyar gidanmu. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Sana'ata gina shafukan intanet, kuma da PHP nake aiki, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Da shi na koyi aiki a wani ɗan shago a Karaye, da shi na sayi babur, da shi kuma nake shirin aure. To, a 'yan shekarun nan sai aka fara juya masa baya. Duk zauren masu manhaja da ka leƙa a waya maganar ɗaya ce: PHP ya tsufa, yara sun koma wani harshen mai suna Python, masu ba da aiki sun rage nemansa. Ni kuwa na zama lauyansa ba tare da kowa ya ɗauke ni ba. Ko tuwo nake ci aka taɓa shi, sai na wanke hannu na ba da amsa. (A raina kuwa tsoro ne fal, don ban iya wani ba.)

Da Rukayya ta ce Baba ya ce in zo ya gan ni, murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Na kai shadda guga, na ari hula, na zuba turare har ƙanwata ta yi tari. Abokina Sadisu, wanda ya riga ni aure, shi ne ɗan rakiya, kuma tun daga Unguwar Hajji yake karanta mini doka a kan babur.

"Ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, kanka a ƙasa. Ni zan yi magana. Kai naka 'na'am' da 'Allah ya ƙara girma'. Ko kunama ce ta harbe ka kada ka ɗago."

Da farko na burge. Na zube a bakin tabarma, na ƙura wa babban yatsan ƙafata ido, aka yi gaisuwa har da tambayar damina da gyaɗa. Baba ya tambayi sana'ata, Sadisu ya ce, "Aikin kwamfuta yake yi, Baba, kuma yana samu." Sai yayan Rukayya, Yaya Mukhtar, wanda ashe shi ma manhaja yake rubutawa a Abuja, ya gyara zama.

"Da wane harshe kake aiki?"

Na ce, "PHP," murya can ƙasa.

Ya yi wata 'yar dariya. "Baba, wannan fa kamar mai gyaran rediyon kaset ne. Nan gaba kaɗan wa zai kawo masa aiki?"

Baba ya ajiye carbi ya ce, "To da me zai riƙe mini 'ya?"

Jama'a, ban san lokacin da na ɗago ba. Sadisu ya mintsine ni, ban ji ba. Na tashi daga durƙuso na harɗe ƙafa kamar a majalisarmu, na ture hula baya, na fara. Na ce shekara nawa ana cewa PHP ya mutu, ga shi yana binne masu cewar. Na ce shafukan da ke tsaye a kansa ko gashin kai albarka. Daɗin magana ya kwashe ni, na jawo farantin soyayyar gyaɗar da aka kawo mana na mai da shi kwamfuta, kofin ruwa ya zama mai buɗe shafi. Da na ga Baba yana gyaɗa kai (yanzu na san mamaki ne), sai na juya kansa gaba ɗaya.

"Ka gane ai? Kai ma ka ga ba shi da hujja!"

Sannan na miƙa masa hannu mu tafa. Surukina! Dattijon da ko ƙannensa ba sa haɗa ido da shi!

Baba ya dubi tafin hannuna, ya dubi fuskata, ya sake duban hannun. Shi kuwa hannun ya ƙi dawowa, yana nan a sama kamar na mai tsayar da mota. Daga bayan ƙyaure na ji matan gida sun fashe da dariya, kuma na gane muryar Rukayya a ciki. Sadisu ya ce, "A yi mana afuwa, Baba, rana ce ta buge shi a hanya." Na fita da takalmi a hannu, na ce shi ke nan, na rasa mata saboda abin da bai ma san ina yi ba.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo wa kawuna: a turo magabata. Wai Baba cewa ya yi, "Yaron ba shi da kunya, amma wanda ya tsaya wa abin da kowa ya guje wa, ba zai guje wa 'yata ba."

Yanzu ɗanmu har ya fara tafiya. Duk lokacin da na durƙusa gaida Baba sai ya ce, "Ya mutumin naka? Yana nan da rai?" Ni kuma in ce, "Yana nan, Baba," kaina a ƙasa. Kunya ce ta gaske, domin tun bara na koma Python, kuma Rukayya ta rantse in na ɓata mata rai sai ta faɗa masa.

Abin da na koya shi ne, in za ka shiga zauren surukai, ka bar ra'ayinka a waje tare da takalminka. In kuwa tsautsayi ya sa aka ba ka mata saboda riƙon amana, to ka riƙa rufe kwamfutarka in baƙi sun zo daga Rogo.