Rasuwar Kulocin Motar Koyon Tuƙi

Da zuciya cike da baƙin ciki, malamin koyar da tuƙi na bayan tashar mota, wanda ɗalibai ke kira Malam Saki-a-hankali, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kulocin motarsa. Kulocin ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hawan gada, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya shekara tara yana bauta. Babu irin ƙafar da bai gani ba: ta matsoraci mai danne shi kamar zai huda ƙasan mota, ta mai gaggawa da ke sakinsa kamar ya taka garwashi, har da ta wani ɗan kasuwa da ya yi wata uku yana ɗora masa ƙafa don hutawa. Duk ya shanye, bai taɓa kai ƙara ba. Da guminsa Malam ya riƙe gida, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta.

Ciwon ya fara da ɗan "ƙiiii" in an taka shi da safe. Daga baya ya koma "gurrr-ƙarr" wajen shiga giya ta biyu, ga ƙauri kamar an ƙona takalmi. Malam ya ji, ya kuma san abin da yake ji, amma sai ya ƙara muryar rediyo. A ranar ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya ce a kan sitiyari, saura kwana shida a yi mata gwajin lasisi. Ta taka totur, inji ya yi kuka har ya ba da tausayi, mota kuwa ta fara sulalewa baya. Malam ya ja birkin hannu, ya kifa kai.

Aka ja motar zuwa gareji, bakanike ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana goge hannu, ya faɗi kuɗin sabo. Malam ya ce a maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa wannan kuɗin kaya ne kawai. Kafin a kai ga gawar sai an sauke giyabos, wato akwatin giya, ɗungurungum, ladan aiki daban.

"Na hannu fa?" in ji Malam.

"Akwai, Malam. Amma shi ma majinyaci ne, ba zan rantse maka a kansa ba."

Ko na hannun ya haura abin da Malam ke samu a wata biyu, kuma ba ya samun ko sisi sai mota na tafiya. Maiɗakinsa ta ce a sayar da keken ɗinkinta. Ya ce in an sayar, me yara za su ci kafin mota ta tashi?

Marigayin ya bar ƙannensa biyu, birki da totur, da giya biyar har da ribas, duk sun zama marayu. Ya kuma bar ɗalibai goma sha ɗaya da suka riga suka biya, suna ta kiran waya, Malam na kallonta tana ruri.

Ba a sa ranar jana'iza ba, domin gawar na nan cikin mota, babu halin fito da ita. Ana karɓar gaisuwa a bencin gareji daga safe zuwa yamma. Sai dai bakanike ya ce yana bukatar filinsa. Saboda haka ana roƙon masu jini a jika su hallara ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a tura mamacin zuwa ƙofar gida. Hanyar da nisa, a zo da takalmin kirki. Malam zai riƙe sitiyari.