Sandar Goshin Jirgin Kafilina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa zarto a jirgin ruwa a tsakiyar Riyad, garin da ko kududdufin kirki babu.

Kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ke hannunsa, ya sayi ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Aka kawo shi a tirela gidan hutunsa kafin a wuce da shi Dammam, bakin teku. Sai ƙofa ta ƙi rufuwa, saboda wata baƙar sanda da ta miƙe daga goshin jirgin har waje. Maigida kuma yana Dubai.

Malam Sani mai gadi ya dube ni. "Alhaji, kai ne ka yi aiki a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Fot Sudan. Mece ce wannan?"

Na yi su kam (a kan tudu, ina tafinta tsakanin direbobi da 'yan kwastan). Amma an daɗe ana jin labaran teku daga bakina a wurin shayi a unguwar Suwaidi, ba zan ce ban sani ba. Na ce a jiragen katakon Larabawan da, tana da aiki. A na zamani kwalliya ce, irin gashin bakin Turkawa.

"To ko a bar ƙofar a buɗe ya dawo?"

"Kawo zarto."

Da maigida ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zaunar da ni ya yi, ya buɗe bidiyo a waya. Ashe a bakin sandar ake ɗaure wani babban ƙyallen kama iska mara nauyi idan iska na bugowa ta baya. Ita ke tura shi can gaba don kada ƙyallen tsakiya ya tare masa iska, jirgi ya yi gudu. Sannan ya je wajen jirgin ya ja wata igiya. Guntun da na bari ya zame sumul ya shige cikin jirgin.

"Ya Hajj, da wane yare suka gaya maka kwalliya ce?"

Larabci, Turanci, Faransanci, duk suka gudu suka bar ni.

Iƙamata saura wata guda a lokacin. Ya sabunta, amma ya mayar da ni kai yara makaranta, a waɗannan shekarun nawa da ciwon gwiwa. Yanzu ko hanyar unguwar Badi'a aka tambaye ni, sai in ce a duba waya.