Jeren Wayoyin Fijon Malam

"Lahiya lau munka kwana, maigida, sai dai kaji sun ƙi hita akurki. Wanga hwashe-hwashe da kaka yi tun da sahe, mota kaka gyara ko ɓarayi kaka kora?"

Hajiya Zulaihatu ke nan, ta jawo kujerarta ta dasa a inuwar dogon yaro, ƙofar gidansu a Ƙofar Kware. Jikanta Saifullah, wanda take kira maigida tun yana zanen goyo, ya cusa kai cikin tsohuwar Fijon Malam, marigayi kakansa. Ya sauke injin nan kaf ya sake haɗawa, sabon ringi, sabon filogi, ya mai da mata tayoyinta ya sauke ta daga kan duwatsu, amma mota ta ce ba ta san zancen ba. In ya murɗa makulli sai ta yi tari, ta harbo wuta ta salansa, ta yi gum. Ga shi baffansa Abdulwahabu ya gama magana: in aka yi la'asar ba ta tashi ba, 'yan gwangwan za su zo su daddatsa ta, a gina shago a wurin. Ran yaron a ɓace yake ƙwarai, don a motar nan Malam ya fara ɗora masa hannu kan sitiyari.

"Amarya, koma ɗaki. Tun da kinka zamna nan batir yay yi sanyi."

"Batir na da kunya, ya ga manya. Mi ad damuwarta?"

"Taimin na yag goce. Wuta ba ta ishe mai ga lokacin da ya kamata."

"To ai kai tab biyo. Yaushe rabonka da ishe sallar asuba ga lokacinta?"

"Ki yi kurum ko in sake ki yau."

"Sake ni! Wa ka son miji mai hannu kamar gindin tukunya? Malam da hwarar riga shika buɗe motag ga, ya rufe ba ɗigo. Kai ko kurege ba ya ɗaukar ka yaron gareji."

"'Yan gwangwan in sun zaka sai in haɗa masu da ke. Ai tsohon kaya suka saye."

"Su aza ni sikeli su gani! Ni ban taɓa kwana bisa duwatsu ba tayoyi ba."

Ya sake sassauta dalko, wato abin da ke raba wa filogai wuta, ya juya shi kaɗan, ya shiga ya murɗa. Tau! Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Hajiya ta riƙe ciki tana dariya har ɗankwali ya zame.

"Ƙazanta ta ka hana ta tashi, ba wani taimin ba. Ran da kat tahi cajin batir na leƙa, na ishe wayoyin ga sun cukuikuye kamar gashin da ba a tsehe ba, wagga ta haye wagga. Ni nac cire su, nag goge da tsumma, naj jera ma su tsab, doguwa, mai bi mata, har auta, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Ko sannu ba ka ce ba."

Saifullah ya saki sifana. Shi da hannunsa ya sa wayoyin filogin nan daidai, shi ya sa ko kallonsu bai sake yi ba. Ya kwashe kwanaki yana murɗa dalko hagu da dama, rana na gasa masa ƙeya, ashe jere aka yi masa.

"Hajiya! Wayar hilogi kinka yi ma jeren kwalla? Injin na, ba ɗakin amarya ba! Hayewag ga da kinka gani ita ta tsarin. Kowace da ramin da taka zuwa."

"Tsari? Abu a karkace shi na tsari? Shi as sa hularka ba ta taɓa zama daidai."

"Don Allah wa yas sa ki?"

"Malam ba shi son datti ga motatai," ta ce, wannan karon ba da ƙarfi ba.

Saifullah ya koma kan injin. Ya zare wayoyin ya mai da kowace gurbinta, wannan ta haye waccan kamar da. Ya dawo da dalko kan alamar da ya fara yi, ya ɗaure, ya yi bismilla ya murɗa.

Ta yi tari sau ɗaya, ta kama. Ƙara ce mai kauri, a natse, wadda unguwar ta manta. Ya leƙo ta taga da baƙar magana a bakinsa, sai ya haɗiye ta. Tsohuwa ta miƙe tsaye ba ta sani ba, tana gyara ɗankwali, idonta a kan kwanar layi. Tausayinta ya kama shi.

"Haka taka yi in ya shawo kwana," ta ce. "Da na ji ta nika zuba mai abinci."

Ta share ido da bayan hannu, ta kwance bakin zani. Makullin motar ne na biyu, da igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa.

"Ungo, baƙin makanike, ka ci. Amma gidan gaba nawa na."

"Na ji. Bonet kuwa kwaɗo za ni sa mai."

"Sa biyu," ta ce tana dariya, ta riga shi buɗe ƙofa. "Mu biya wurin Abdulwahabu, ka taka mai ita ya ji."