Ranar Da Na Nemi A Tona Asirin Mai Shirme A Ofishinmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ofishinmu na Kazaure ba, ranar da na miƙe tsaye gaban mutum goma sha ɗaya na rantse sai an fito da sunan wanda ya ɓata mana manhaja. An kuwa fito da shi.

Bari in fara gaya muku aikinmu. Ƙaramin kamfani ne, a saman wani bene, ƙasanmu mai sayar da kayan babur. Abin da muka ƙera kamar ɗakin aiki ne a kan intanet, domin masu rubuta manhaja. Ba sai ka sauke komai a kwamfutarka ba. Ka shiga da sunanka, ka yi rubutunka, ka gwada, komai yana can a ajiye. Ko tsohuwar kwamfutar da ke tari kafin ta tashi gare ka, za ka yi aiki. Ni ina cikin mutum ukun farko da suka fara ginin abin, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba. (Ko baƙo ne ya shigo neman ruwan alwala, kafin ya fita sai ya ji.)

Wata rana shugabanmu, wanda muke kira Injiniya, ya kafa doka. Ya ce ba zai yiwu mu riƙa tallata wa mutane kaya mu kuma muna aiki da na wasu ba. Daga ranar kowa a cikin namu zai yi aikinsa, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita ka rubuta a shafin ƙorafi na ma'aikata. Wasu suka yi ta gunaguni. Ni kuwa na fi kowa tafi. Har na ce, "Wanda ke tsoron abin da hannunsa ya yi, ai ya san abin da ya yi." Aka yi dariya, na ji daɗi.

Bayan kamar wata biyu na je Babura ɗaurin auren wani abokina. Akwai aikin da ya kamata in miƙa ranar Litinin, don haka da aka shafa fatiha aka ci abinci, sai na lallaɓa shagon wan ango na buɗe kwamfuta, na jona ta da wayata. Tun bayan azahar nake rubutu har aka kira la'asar, aiki yana tafiya kamar ana zuba min. To, wanda ya san Babura ya san wani lokaci waya takan yi tsalle ta kama layin Nijar ba tare da ta yi shawara da kai ba. Haka tawa ta yi. Sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo. Da ya dawo sai shafin ya sabunta kansa, na ga fari fat. Duk abin da na rubuta ya tafi.

A motar dawowa na rubuta ƙorafina, raina a ɓace, gwiwata a jikin buhun gero. Ban tsaya kan matsalar kawai ba. Na ce duk wanda ya rubuta sashen ajiye aiki bai san ƙasar da yake zaune ba, yana zaton ko'ina sabis kamar famfo yake. Na ce wannan ba kuskure ba ne, rashin sanin aiki ne. Na rufe da cewa irin wannan mutum ya fi dacewa da tallan rake a tasha. Na sa cikakken sunana a ƙasa, har da "ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa."

Kuma na san da wa nake, ko in ce na ɗauka na sani. Wata uku kafin nan an miƙa wannan sashe ga Hajara, 'yar Roni, wadda aka ɗauka aikin gwaji na wata shida. Ba ta da yawan magana, kullum tana lungu kusa da taga. A ƙarshen watan ne Injiniya zai yanke ko za a riƙe ta ko a sallame ta. Ban ambaci sunanta ba, amma kowa ya karanta ya gane inda na nufa.

Ranar Litinin Hajara ta same ni a kan matakala.

"Malam, in ka samu sarari ina so in nuna maka wani abu a kan ƙorafin nan."

"Ki bari sai gobe a taro," na ce, ban ko tsaya ba.

"Gara dai ka gani kafin taron."

"Hajara, aiki ba a yin sa a ɓoye. A gaban kowa za a yi."

(A raina cewa na yi haƙuri za ta ba ni. Har na ji ina yaba wa kaina da na ƙi a saye ni da lallashi.)

Talata ta zo. Na sa sabuwar shaddata mai ruwan toka, na zauna a gaba. Injiniya ya karanta ƙorafina da ƙarfi daga farko har ƙarshe, har da raken. Ya ce maganar ta yi zafi, amma matsalar gaskiya ce, kuma in ta ci aikin ma'aikacinmu to ta ci na waɗanda suka yarda da mu a Gwiwa da Roni sun yi shiru ne kawai. Sannan ya juya ya ce, "Hajara, sashenki ne. Me za ki ce?"

Ta ce ta gano inda matsalar take, kuma za a iya gyarawa cikin mako guda. Ba ta ambaci sunan kowa ba.

Da ni mai rabo ne da a nan na bar maganar. Sai na miƙe.

"Ranka ya daɗe, gyara daban, sanin mai laifi daban. Manhajar nan tana ajiye tarihin kowane layi da sunan wanda ya rubuta. Ni na ba da shawarar a sa wannan tun farko. A buɗe mu gani."

Hajara ta dube ni. "Malam, ka tabbata?"

"Buɗe mana."

Ta jona kwamfutarta da babban allon bango. Ta gangara a hankali, ta tsaya a kan wasu layuka kamar ashirin, ta danna. Suna ya fito a gefe, da ɗan hoto. Hoton wani mutum ne da hula zanna ya karkata ta gefe yana murmushin wanda ya san komai. Na ɗauki daƙiƙa biyu ina tunanin a ina na san wannan fuskar.

Ba ganin sunana ne ya kashe ni ba. A saman layukan akwai ɗan bayanin da mai rubutun ya bari, da Hausa, shekara biyu da suka wuce. Lawan, wani abokin aikinmu wanda ba a taɓa sa shi karatu ya ƙi ba, ya karanta wa jama'a da muryar mai labarai: "Wannan na wucin gadi ne. In sabis ya yanke komai zai goge. Zan gyara gobe in sha Allah."

Sai Lawan ya ce, "Allah sarki, ashe goben ce ba ta zo ba." Shi ke nan. Wani ya faɗo daga kujera. Injiniya ya cire tabarau yana goge ido, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye, don na rasa yadda ake zama. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ai... a lokacin ba mu da yawa." Har yau ban san me wannan ke nufi ba.

Hajara ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta cire wayar allon ta rufe kwamfutarta. Wannan ya fi dariyar ciwo, don a nan na gane abin da ta so nuna min a matakala. Ni na yi kwana uku ina haƙa mata rami, ita kuwa tana neman yadda za ta rufa min asiri.

Da aka natsu Injiniya ya yanke hukunci. Ni zan gyara, Hajara za ta duba, kuma ba zai shiga ba sai ta sa hannu. Bayan taro na je lungunta na ba ta haƙuri, a gaban mutane, tunda a gabansu na yi ɓarnar. Ta ce, "Ba komai, Malam, ya wuce." Na ɗauka ya wuce ɗin. Sau biyu tana dawo min da gyaran. Na biyun har da ɗan rubutu cikin ladabi: "Malam, ka gwada kashe data a tsakiya ka gani." Na gwada. Ya goge. A karo na uku ta amince, aka kuma riƙe ta aiki a ƙarshen wata. Yanzu ita ke shugabantar sashen gaba ɗaya.

Ni kuma na samu sabon suna. Har masu keke napep na bakin ofis Malam Gobe suke ce min, ba su ma san dalili ba.

Ban daina ƙorafi ba, kada ku ɗauka na shiryu gaba ɗaya. Har yanzu in na ga shirme a manhajarmu raina yakan tashi, in ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Sai dai kafin in tambayi wane ne ya yi, nakan karkatar da kwamfutata ta fuskanci bango, in duba tarihin ni kaɗai. In sunan wani ne, in same shi a gefe mu yi magana a hankali. In kuwa hular nan ce ta fito, sai in gyara shiru, in tashi in tambayi jama'a ko akwai mai shan shayi.