Ranar da Na Tafasa Fiyar Hadiza

Mu uku ne ranar: ni, autana Bashir, da matarsa Hadiza. Kansil, hukumar garin da yake wa aiki, ta sallami Bashir, washegari za su bi ƙasar da mota neman aiki, su fara da Birmingham, su bar ni a unguwarmu, Levenshulme.

Hadiza ta dama fiya da tumatir da lemon tsami, wai haɗin Meziko, guzurinsu. Ni da ba a kuskure a gabana, na ga ɗanyar miya. Na zuba daddawa, na tafasa.

Ta daɗe tana kallon tukunyar. "Hajiya, ai ɗanye ake ci."

Da muka ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Bashir ya haɗiye don kunya.

Da safe na sayo musu fiya, ashe ko ɗaya ba ta nuna ba. Har yau in Hadiza ta bugo waya: "Hajiya, na yanka kankana, in tafasa?"