Janar Igiya da Burodin Casiano

A duk kwarin nan namu babu mai son ƙasarsa kamar Don Aníbal Rocabado. Wasu a zuci suke sonta, su yi shiru. Shi yafa ta yake yi. Tun ranar da aka fara yajin aikin neman shugaban ƙasa ya sauka, bai ƙara fitowa ba sai da tuta ɗaure a wuyansa, tana jan ƙasa ta baya. Da ita yake cin abinci. Matarsa ta ce da ita yake kwana, amma wannan zancen cikin gida ne, ba ruwanmu.

Ya yi shekara da shekaru yana buga keken rubutu a ofishin wani lauya a nan Santa Rufina, har ilimin shari'a ya shige shi ta yatsu. Don haka ya ce a riƙa kiransa Dakta, muka kira. Kakansa na wajen uba, in ji shi, Bature ne daga Sifen, dogo, mai shuɗayen idanu. Ba wanda ya taɓa ganin kakan nan. Da alama kuma marowaci ne, don ya tafi kabari da tsawonsa da idanunsa, bai bar wa jikan ko ɗaya ba. Don Aníbal gajere ne, fatarsa kalar tukunyar ƙasa, irin ta kowa a layinmu, wato ta indiyo, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa.

Ba wai shugaban ƙasar ba shi da laifi ba. Yana da shi, lodi guda. Kujera ta yi masa daɗi ya ƙi tashi, mutanensa sun yi ƙiba, tankin ruwan da ya zo ya buɗe mana da kiɗa har yau bai ɗiga ba. Duk mai son zaginsa yana da abin kamawa. Amma Don Aníbal mutum ne mai zurfin tunani, ba ya tsayawa kan ƙananan abubuwa irin su ruwan sha.

"Ni ba na duba fatar mutum," haka yake fara jawabinsa kullum, da lasifika a baki ko da mutum uku ne a gabansa. "Allah ya sani. Manufa nake dubawa. To ku dubi manufar mutumin nan! Ku dubi hancinsa! Ku ji yadda yake tauna yaren Sifen kamar yana tauna ganyen koka! Mutumin da ya tashi yana bin dabbobi a kan tsauni, yau shi ke gaisawa da sarakunan Turai, ko lakataye babu. Me za su ɗauke mu? Indiyo a fadar ƙasa! Ban faɗa don raini ba. Mai aikin gidana ma indiyo ce, kuma a kicin ɗina take cin abinci."

Ranar da kwamitin yajin aiki na babban birni ya ce a tare hanyoyi, garuruwa suka fito da duwatsu da tayoyi. Don Aníbal ya kwance igiyar shanyar matarsa, ya ɗaure ta daga wannan ƙarfen gada zuwa wancan, ya ajiye kujera, ya rataya usur. Gadar nan ita kaɗai ce tsakanin unguwarmu da cikin gari. Kafin azahar matan kasuwa sun yi masa ƙarin girma, ya zama Janar Igiya. Da ya ji, ya ce jama'a ba sa ƙarya.

Aikinsa na adalci ne, ba ya hana kowa wucewa sai wanda ya kamata. Matar mai kantin magani takan zo da ɗan karenta, Janar ya ɗaga igiya har sama da kansa, ya sara mata, ya sara wa karen. Mace mai jelar kitso biyu da babban siket kuwa, sai ta nuna katin shaida, ta faɗi inda za ta, ta rantse ba gwamnati ce ta aiko ta ba. In aka tambaye shi yadda yake gane 'yan leƙen asiri, sai ya nuna idonsa da yatsa ya ce, "Ƙwarewa."

Ana cikin haka ranar matattu ta zo.

Casiano Huanca ya rasu a cikin sanyin bana. Abokina ne tun muna satar lemo a gonar coci. Ɗan badujala ne, mai busa ƙaho, kuma babu biki ko jana'iza a garin nan da bai busa ba, har da ta mahaifiyar Don Aníbal. Sau biyu ya zaɓi shugaban nan, a na uku ya zage shi tas, amma bai taɓa zagin hancinsa ba. Ciwon maƙogwaro ne ya ɗauke shi. Har yanzu in na ji ƙaho daga nesa sai na juya.

Wannan ce shekararsa ta farko, kuma kowa ya san teburin shekarar farko shi ne babba. Da tsakar rana, in ƙararrawar coci ta kaɗa, mamaci yake isowa gida, ya tarar da abin da yake so a jere: miyarsa, giyar masararsa, da burodi mai siffar mutum da 'yar fuska a liƙe, da burodi mai siffar tsani da zai sauko a kai. In ya tarar da tebur wayam, haka zai juya, sai baɗi.

Yajin aiki ya hana fulawa shigowa. Sai ana gobe da yamma wani ya kawo wa matar Casiano, Doña Eusebia, a bayan jaki. Da asuba ta kwaɓa da hannayen nan nata masu ciwon sanyi, ta rufe daron da zane. Tanderun da ke aiki ɗaya ne, kuma yana tsallaken gada. Ta rungumi daron ta fito, ina biye da ita da farantan gashi.

Usur ya tashi.

"Tsaya! Wa ke nan?"

"Ni ce, kompadre." Haka uwa take kiran wanda ya riƙe mata ɗa a baftisma, shi kuma ya kira ta komadre.

"A bakin aiki ba ni da komadre. Katin shaida."

"Katin me? Kai fa ka riƙe 'yata Rosalía a coci ranar baftisma, har ta jiƙa maka kwat."

"Wannan tarihi ne. Yau dimokuraɗiyya ake yi. Mene ne a cikin daron?"

"Bom ne," in ji wata mai sayar da dankali a layi. "Matsa baya, Janar."

Ya matsa bayan kuwa, taku biyu, kafin ya tuna ana kallonsa. Sai ya dawo ya ɗaga zanen da bakin lasifika. Kwaɓin ya riga ya cika daro, yana numfashi a hankali cikin rana.

"Wannan abin motsi yake yi."

"Yis ne, kompadre. Tashi yake."

"Wato aiki yake yi. Ranar yajin aiki!" Ya juya ga jama'a, ya ɗaga lasifika. "Kun gani? Ƙasa duka ta tsaya cik. Bankuna sun rufe, likitoci sun ajiye allura, ni kaina na bar gadona. Amma a unguwar nan ana kwaɓa fulawa! Irin al'adun nan ne suka hana mu ci gaba. A Turai in mutum ya mutu, ya mutu. Ba ya dawowa neman burodi."

"Kai ba ka kafa wa Doña Felipa tebur ba da ta rasu?" mai dankali ta tambaya.

"Na kafa wa mahaifiyata tebur, amma kek na sa."

Daga nan ya shiga tarihi. Ya fara da jiragen ruwan Sifen, ya ratso ta kan kakansa, ya tsaya ya daɗe a kan rigar sanyin da shugaban ƙasa ya sa ya je wani taro. Rana tana hawa. Zanen da ke kan daron ya yi tozo, ya fara zamewa. Doña Eusebia ta ajiye daron a kan ƙarfen gada, tana tura kwaɓin ciki da tafin hannu ta wannan gefe, yana fitowa ta wancan. In ya wuce lokacinsa zai yi tsami ya kwanta, kuma ba wata fulawar.

A aljihun siket ɗinta akwai 'yar fuskar da za ta liƙa wa burodin. Ta zaga kasuwa kafin ta samu mai gashin baki irin na Casiano. Ina ganin hannunta yana komawa wurin yana taɓawa.

Da ya tsaya shan iska, sai ta matso kusa da igiyar, ta yi ƙasa da murya.

"Aníbal. Watan Casiano na ƙarshe ko ruwa ba ya wuce masa. Kai ma ka zo ka gani. Da yunwa ya tafi. Kar ya zo ya tarar ba komai."

Janar ya sauke lasifika. Hannunsa ya kai kan igiyar, na rantse ya kai, har ya fara ɗagawa. Sai ya ɗaga ido ya ga matar mai kantin magani a tsallake tana kallonsa. Ya saki igiya, ya gyara tuta.

"Na tausaya, komadre. Amma in na ɗaga wa mamaci ɗaya, gobe duk maƙabarta za ta zo."

Bai rufe baki ba wata farar mota ta tsaya a bakin gada. Wata doguwar mace ta fito, fara sol, gashinta kalar gemun masara, da baƙin tabarau, wani mutum yana binta da kyamara a kafaɗa. Doña Ximena Arauz ce, mataimakiyar shugaban kwamitin babban birni, tana zagayen duba shingaye. Don Aníbal ya san ta a jarida. Ya ƙame har gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, Dakta Aníbal Rocabado Terrazas, shugaban..."

"Riƙe min nan, ɗana." Ta miƙa masa gorar ruwanta ba ta ko dube shi sosai ba. Ya girme ta nesa ba kusa ba. Ya riƙe da hannu biyu.

Ta ga Doña Eusebia da baƙaƙen kayan takaba da daro, sai fuskarta ta yi haske. Ta yafito mai kyamara.

"Wayyo, mamita! Me kike yi a rana? Burodin mamaci? Kai, al'adunmu masu kyau! Ɗauki nan, Rodrigo, su ga mu ba ma ƙin talaka." Ta waiwaya ta ga mai riƙe da gora. "Kai kuma me kake yi tsaye, tsohuwa tana fama da kaya? Wane ƙauye ka fito? Ɗauka mata, maza. A'a, bar tutar a jikinka, ta yi kyau."

Bakinsa ya buɗe. A cikin bakin nan akwai jiragen ruwa, akwai kaka mai shuɗayen idanu, akwai shekarun ofishin lauya. Ba ko ɗaya da ya fito. Ya ajiye gora, ya ajiye lasifika, ya sunkuya. Mai dankali ta taimaka ta ɗora masa daron a ka, har da danna shi don ya zauna. Doña Ximena ta ɗaga igiyar shanya da yatsu biyu, tana murmushi wa kyamara, Janar ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiyarsa.

Haka muka ratsa gari. Doña Eusebia a gaba tana sauri, shi a tsakiya, kwaɓi yana zubo masa ta kan kunne zuwa kan tuta, ni a baya da farantai. Duk matan da ya tare tun safe suka biyo mu, don ba mai gadin igiya.

Burodin bai yi kyau ba. Ya ɗan yi tsami, tsanin ya karkace, mutumin ya fito da faɗi kamar an zauna a kansa. Amma fuskar ta liƙu, gashin bakin yana nan. Muna ajiye shi a kan tebur kusa da ƙahon Casiano, da zafinsa, ƙararrawa ta kaɗa. Doña Eusebia ta buɗe ƙofa ta ce, "Shigo, tsoho, ka ci." Sai a lokacin ta yi kuka, mu ma muka yi.

Da la'asar Don Aníbal ya zo addu'a, don dole ne ga kompadre. Ya yi wanka, ya sa lakataye. Kafin ya zauna ya bayyana wa ɗakin cewa a cikin duk mazan da ke gadar, shi kaɗai Doña Ximena ta ga ya cancanci aiki na musamman, kuma manya da ido suke gane junansu.

Yana cikin bayani Rosalía ta kira shi yadda ake kiran uban baftisma, ta ce, "Padrino, ga ka a labarai." Ta miƙa masa waya.

Ga shi kuwa, a gidan talabijin na babban birni, yana tafe da daro a ka da tuta a wuya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: HAR INDIYO ƊAN DAKO YA JUYA WA ƊAN'UWANSA BAYA.

Ya karanta. Ya nisantar da wayar, ya sake karantawa. Ya goge gilashin da lakataye.

"Aikin gwamnati ne," ya ce. "Sun taɓa hoton. Daga fada aka ba da umarni a baƙanta ni."

Doña Eusebia ta karɓi wayar, ta duba, ta dubi fuskarsa, ta sake duba wayar. Sannan ta gutsuro ƙafar burodin ta sa masa a hannu.

"Ci, kompadre, ka yi wa Casiano addu'a," ta ce. "Hoton ma ya ƙara maka haske."