Ranar da na ce kunnen Nana ya lalace

Ba zan taɓa mantawa da makon gwajin da na yi a wata Islamiyya a Gwaram ba. Na gama kwalejin horon malamai ke nan, shekara guda ina zaman banza, aikin nan kuwa ina son sa kamar me. Malam mai makarantar ya ba ni ajin ƙanana, ya ce ran Alhamis zai shigo ya ga koyarwata, sannan ya yanke shawara.

A ajin akwai jikarsa Nana, 'yar shekara uku. Kaza a bakinta "taza" ce, kifi "tifi". Ni kuwa da guntun ilimina (wanda a lokacin nake jin ya fi ƙarfin Jigawa) na yanke hukunci: yarinya ba ta ji sosai, abin da kunnenta ya ba ta shi take faɗa.

Ran Alhamis Malam ya shigo da malamai biyu. Maimakon in yi darasina in tsira da mutuncina, sai na gyara murya na ce, "Allah gafarta Malam, Nana na da matsalar kunne, a kai ta asibiti Birnin Kudu. Bari ku gani, ba ta bambance sautin 'ka' da na 'ta'."

Na ɗaga hoton kaza. "Nana, wannan taza ce ko?"

Ta yamutsa fuska. "A'a. Taza ce."

"Ai abin da na faɗa ke nan, taza."

"Ba taza ba! Taza!" Har da buga ƙafa.

Malam ya ce a hankali, "Kaza?"

"Yauwa," in ji Nana. Sai ta nuna ni da yatsa, cikin tausayi, ta ce wa kakanta, "Bai iya ba. Ta toya masa."

Wato ka koya masa. Ni! Malaman nan biyu suka fice da gudu, ina jiyo dariyarsu ta taga. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Malam ya ce, "Kunnenta ƙalau, malam. Yaro yana jin daidai tun kafin harshensa ya iya. Je ka, za mu neme ka."

Har yau ba su neme ni ba. Abin da na koya dai shi ne, kunnen yaro yana riga bakinsa girma. Ni kuma da gemuna, bakina ne ya riga komai nawa.